Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limaman Juma'a da Masu Tafsiri na Jihar Kano Game da Masu Jiran Shari'a a Gidajen Yari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku da almajiranku, ina neman izinin yin magana a gabanku, ko da yake ni ba malami ba ne. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi, kuma karatuna bai wuce abin da na samu a makarantar allo da zauren unguwa ba, sai kuma abin da nake tsinta daga bakinku a ranakun Juma'a da dararen azumi. Shekara fiye da talatin ke nan ina zama a sahu ina sauraron huɗuba. Na ji an yi a kan riba da zina da tsadar aure da shaye-shayen matasa da haƙƙin iyaye da zaɓe, kuma na amfana da su ƙwarai, amma ban iya tuna ranar da liman ya hau mumbari ya yi huɗubarsa sukutum a kan mutanen da ke kulle a gidajen yari alhali ba a yanke musu hukunci ba. Idan an taɓa yi a wani masallacin da ban halarta ba, Allah ya saka wa wanda ya yi da alheri. Abin da ya sa na damu da wannan shirun shi ne ni da kaina na jefa mutum cikin wannan hali, na manta da shi, kuma ban daina sallah a sahun gaba ba ko da rana ɗaya a duk tsawon lokacin.

Wani yaro ne da aka kawo mini daga ƙauye yana yi mini tsaron shago, shekarunsa ba su kai ashirin ba. Wata rana muka yi lissafin ciniki aka rasa wasu kuɗi masu ɗan kauri, zuciyata ta tafi kansa, domin shi ne ke kwana kusa da shagon. Na tambaye shi ya rantse bai ɗauka ba, ni kuwa fushi ya rufe mini ido, na kai shi ofishin 'yan sanda da niyyar a tsorata shi ya fito da kuɗin. Haka muke faɗa a kasuwa, "a ɗan ajiye shi ya ji jiki." Bayan kwana huɗu aka kai shi kotu, na je zaman farko, alƙali ya ba da belinsa bisa sharaɗin ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, ɗaya daga cikinsu mai gida a cikin gari. Yaron bai san kowa a birni ba sai ni, ni kuwa ni ne mai ƙara. Aka wuce da shi gidan yari, aka sa ranar dawowa. Ranar ta zo ina kan hanyar sayen kaya, ta gaba ta zo ina shirin tafiya Umara, daga nan ban ƙara tambayar ranar zama ba. Na ɗauki wani yaron, kasuwa ta ci gaba, na yi azumi biyu, na yi layya, na fitar da zakka, na rungumi mutane a filin Idi.

Bayan wata goma sha huɗu na dawo gida da la'asar na tarar da wata dattijuwa zaune a ƙofar zaure, ta ƙi shiga cikin gida, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata. Da na gaishe ta na ce, "Iya, lafiya?" sai ta ce, "Alhaji, ni ce uwar yaronka. Ban zo rigima ba. Na zo in ji ko shekara nawa aka yanke masa, in san abin da zan riƙa ƙirgawa." Allah ya gafarta malamai, ba a yanke masa komai ba. Babu shaida ko ɗaya da ya taɓa tsayawa a kansa, domin wanda ya kamata ya kawo shaidar ni ne, kuma ban je ba. Kowane zama sai a kira ƙara, a ce mai ƙara bai zo ba, a ɗage, wani lokacin ma ba a samu motar da za ta kawo shi kotun ba. Da na je na ce na janye ƙarata, zaman da aka sallame shi bai kai minti goma ba. Minti goman nan ne na hana shi har wata goma sha huɗu.

Daga ranar na fara bin wannan al'amari, na gane cewa abin da na aikata ɗigo ne a cikin kogi. Alƙaluman hukumar da ke kula da gidajen gyaran hali ta ƙasa sun nuna cewa mutanen da ke tsare a Najeriya sun kai kimanin 80,000, kuma kusan biyu cikin kowane uku daga cikinsu jiran shari'a suke yi, wato a idon doka ba su da laifi tukuna, kamar yadda sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Sashe na 35 na wannan kundin ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, ya kuma ce idan aka yi wata biyu mutum yana tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne, in ban da wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne. A 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, Jihar Kano ta yi irin tata a 2019, kuma a cikin dokar tarayyar an ɗora wa majistare kai ziyara ofisoshin 'yan sanda duk wata domin ya ga waɗanda ke kulle, an kuma hana a ƙi karɓar mace a matsayin mai tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce. A 2019 ɗin ne aka canza sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, aka buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Dokoki dai ga su nan a rubuce, masu kyau kuwa. Abin da talaka ya rasa shi ne mutumin da zai tsaya a kan maganarsa har a yi aiki da su.

Hanyar da mutum ke ɓacewa a ciki ba ta da wuyar ganewa. Wanda ake tuhuma da babban laifi, kamar fashi da makami ko kisa, akan fara kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin yi masa shari'a, sai ta ba da umarnin a tsare shi har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Shawarar ba za ta fito ba sai fayil ya isa, fayil ba zai isa ba sai wanda ya yi bincike ya aika, shi kuwa ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, takardun su kwanta a cikin kabad. Mai ƙaramin laifi kuma, irin yarona, sharaɗin beli ne ke cinye shi, ko rashin lauya, ko mai ƙarar da ya huce ya koma harkokinsa. Akwai hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta tun 1976, amma lauyoyinta ba su kai ko kusa da yawan mabuƙata ba. Ga kuma waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci da zaɓin tara, suna zaune saboda kuɗin da wani daga cikinmu yakan kashe a walimar dare ɗaya. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 waɗanda rashin biyan tara ko diyya ya riƙe su, da kuɗi naira miliyan 585 da aka samo daga masu taimako. Duk wanda ya raba kuɗin nan a kan mutanen zai ga kowane ɗaya bai kai naira dubu ɗari da hamsin ba. Wannan shi ne farashin 'yancin ɗan Adam, a ƙasar da muke cika jiragen Umara a kowane goman ƙarshe.

Na shiga gidan yari sau da yawa bayan wancan lokaci, kuma ba zan ɓata muku lokaci da bayanin zafi da wari da ƙazuwa da tarin da ke yawo a ɗakunan da aka cusa mutane fiye da ƙima ba. Kuɗin abincin da gwamnati ke ware wa kowane ɗaurarre a rana an ɗaga shi daga naira 750 zuwa naira 1,125, kuma duk mai cefane ya san abin da wannan kuɗin zai saya sau uku a yini. Shi ya sa sunan gabza bai ɓace daga bakin waɗanda suka fito ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne idon wanda ba ya jiran kowa. Wanda aka yanke wa shekara biyu yana da abin ƙirgawa, kowace safiya ta rage masa kwana ɗaya. Mai jiran shari'a kuwa safiyarsa ba ta rage masa komai, domin bai san daga ina ake cirewa ba. Kun tuna abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a gaban babbar kotun tarayya a Abuja, da yawansu 'ya'yan Kano da Kaduna, bayan sun yi kusan wata uku a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun saboda galabaita, aka kuma sa belin kowanne naira miliyan goma. Ƙasa ta girgiza, cikin 'yan kwanaki Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. Abin da ya cece su shi ne an gan su. Dubbai irinsu suna bayan katangar Goron Dutse da Janguza da ƙananan gidajen yarin da ke ƙananan hukumomi, babu kyamarar da ta taɓa haska fuskarsu.

Allah ya gafarta malamai, a azumin da ya biyo bayan sakin yaron na zauna a tafsiri aka zo Suratu Yusuf, surar da na ji ana fassarawa tun ina yaro, sai na ji ta kamar ban taɓa jin ta ba. Mai jan baƙi ya ja ayar da ke cewa bayan sun ga alamomin kuɓutarsa sai suka ga ya dace su ɗaure shi har zuwa wani lokaci. Babu shari'a, babu adadin shekaru, "har zuwa wani lokaci" kawai. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ɗaurin jiran shari'a ya yi. Sannan aka zo inda ya ce wa wanda zai fita, "Ka ambace ni a wurin ubangidanka," mutumin ya fita ya koma shayar da sarki, ya manta, Yusuf ya ƙara zama shekaru. A nan ne na kasa ɗaga kaina. Duk rayuwata idan ana karanta surar nan ina ajiye kaina ne a gefen Yusuf, wanda aka zalunta ya yi haƙuri, ban taɓa tunanin cewa matsayina a cikin ƙissar shi ne na mai shayarwar nan ba, mutumin da bai yi duka ba, bai yi ƙage ba, ya dai shagala da hidimar gabansa ya bar wani a rami. Kuma da sarki ya aika a fito da Yusuf, bai yarda ya fita ba sai da ya ce a koma a binciki maganar matan da suka yanke hannayensu. Bayan shekarun nan duka, abin da ya fara nema shi ne a saurari ƙararsa a wanke sunansa. Malamin da ya yi mana tafsirin ya fito da darussa masu yawa a kan haƙuri da kamewa da fassarar mafarki, Allah ya ƙara masa ilimi, amma bai ce da mu akwai masu irin wannan zama a tazarar da ba ta kai tafiyar rabin sa'a daga inda muke zaune ba.

Ku kuka karantar da mu cewa Allah ya yabi bayinsa na ƙwarai a Suratul Insan da cewa suna ciyar da abinci, alhali suna son sa, ga miskini da maraya da kamamme. Miskini da maraya muna jin ambatonsu kullum, na ukun ne ya faɗi daga bakinmu. Ku kuka karanta mana hadisin Abu Musa al-Ash'ari a cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a ciyar da mai jin yunwa, a gaida marar lafiya, a kwance ɗaurarre. Ku kuka ba mu labarin Sumamatu ɗan Usal, wanda aka ɗaure a jikin ginshiƙin masallacin Madina, Manzon Allah da kansa yana zuwa wurinsa kwana uku a jere yana tambayarsa abin da ke ransa, sannan ya ce a sake shi, mutumin ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Inda aka ajiye shi ya isa abin lura, a tsakiyar masallaci, inda duk mai zuwa sallah zai gan shi sau biyar a rana, babu yadda za a yi a manta da shi. Kamammun Badar kuwa, waɗanda suka zo da takobi domin su kashe Musulmi, ɗaya daga cikinsu, ɗan'uwan Mus'abu ɗan Umair, ya ba da labarin yadda mutanen Madina suke ba shi gurasa su kuma su ci dabino, saboda wasiyyar da aka yi musu a kan kamammu. Kuma babu yaron Islamiyyar da bai haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na yi shekaru ina jin wannan hadisin ina jinjina kai, alhali na kulle ɗan mutum.

Akwai kuma maganar bashi, wadda ta fi shafarmu mu 'yan kasuwa. A cikin Risala, littafin da kusan kowane zaure a ƙasar Hausa ake karanta shi, an ce ana tsare wanda ake bi bashi ne domin a gano halinsa, kuma babu tsarewa a kan wanda ba shi da komai. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Amma a yau da yawanmu mun mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Ciniki ya lalace tsakanin mutum biyu, sai mai ƙarfi ya juya maganar ta koma cin amana ko zamba, a kama mai rauni, a ce dangi su kawo kuɗi kafin a janye ƙara. Haka uwargida ke yi wa 'yar aikinta idan sarƙa ta ɓace, haka mai Adaidaita Sahu ke yi wa direbansa idan balas ya taru, haka mai gareji ke yi wa yaronsa. Waɗannan masu ƙarar ba baƙi ba ne a wurinku. Su ne ke sahun farko, su ne ke sayen janareta da kafet na masallaci, kuma maganar liman tana da nauyi a kunnensu fiye da ta kowane lauya. Da a ce a cikin watannin nan goma sha huɗu na ji liman ya ce, "Duk wanda ya san ya kai wani ƙara ya bar shi a kulle, ya tuna Allah zai tambaye shi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya," wallahi da ban kwana ba sai na je.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuskata. Za a ce gari yana fama da masu ƙwacen waya da 'yan daba da masu garkuwa da mutane, an kashe bayin Allah a kan wayar da ba ta kai komai ba, sannan wani ya zo yana neman a tausaya wa 'yan gidan yari. Wannan zafin na gaskiya ne, ni ma na yi jana'izar wanda aka soka wa wuƙa a hanyarsa ta komawa gida, kuma ba na roƙon a buɗe ƙofa a saki mai kisa. Roƙona shi ne a yi shari'a. Uwar wanda aka kashe ita ma jira take yi, kuma duk shekarar da aka ƙara ba a saurari ƙara ba, shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa, har a wayi gari mai laifin na gaskiya ya fita saboda babu hujja. Jinkirin nan yana cutar wanda aka zalunta kamar yadda yake cutar wanda aka kama bisa kuskure. Sannan yaron da aka kulle saboda zargin satar buhun masara, aka haɗa shi ɗaki ɗaya da gaggan 'yan fashi shekara biyu, wane karatu muke tsammani zai fito da shi? Mu ne za mu haɗu da shi a lungu. Kuma kada mu manta cewa shiga kurkuku ba shi ne shaidar laifi ba a tarihinmu: Imamu Ahmad ɗan Hambali ya yi fiye da shekara biyu a ɗaure, Ibnu Taimiyya a kurkukun Dimashƙa ya rasu a shekara ta 728 bayan hijira, kuma littattafansu ne a kan kantocinku.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ina roƙon ku keɓe Juma'a ɗaya, ko da sau ɗaya ne a shekara, a yi huɗuba a kan haƙƙin wanda ke tsare, a kira masu ƙara su je su tsaya a kan ƙararsu ko su janye, a gaya wa shaidu cewa ƙin zuwa kotu ɓoye shaida ne, a gaya wa ɗan sanda da magatakarda da lauyan gwamnati da ke cikin sahu cewa fayil ɗin da ke kan teburinsu rai ne. Amma abin da na fi so shi ne ku je da ƙafarku. Na sani akwai malaman da ke karantarwa a ciki, akwai masu kai abincin buɗa-baki, akwai gwamnoni da attajiran da ke biyan tara idan Sallah ta matso, Allah ya karɓa musu. Sai dai taimakon da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba ya bin fayil, shi kuwa mai jiran shari'a ba shi da tarar da za a biya masa, mai bibiya yake buƙata. A duk zuwan da na yi na sha haɗuwa da ƙungiyoyin maƙwabtanmu Kirista a bakin ƙofa, ɗauke da sabulu da magani, wani lokaci da lauya, suna aiki da abin da ke cikin littafinsu cewa "ina kurkuku kuka ziyarce ni," kuma ban ga sun tambayi addinin wanda za su ba sabulu ba. Na ji daɗin ganinsu, na kuma ji kunya, domin mafi yawan waɗanda ke ɗakunan nan sunayenmu suke amsawa.

Kowane babban masallacin Juma'a a Kano yana da lauyoyi a cikin masu sallah, yana da tsofaffin alƙalai da tsofaffin 'yan sanda da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Idan liman ya tara biyar daga cikinsu ya ce su karɓi sunayen mutum goma da suka fi daɗewa, waɗanda ba a zuwa dubawa, su bi takardunsu daga kotu zuwa ma'aikatar shari'a, su miƙa sunayen waɗanda suka cancanta ga Babban Jojin Jiha, wanda doka ta ba shi ikon zagaya gidajen yari ya saki wanda tsarewarsa ta saɓa ƙa'ida, to a shekara guda za a ga abin da zai faru. Mai ƙaramin laifin da aka ba beli ya rasa mai tsaya masa, kwamitin masallaci zai iya neman danginsa a ƙauye, domin da yawansu iyayensu ba su ma san inda suke ba, wasu har an yi musu sadakar uku da ta bakwai. Batun zakka kuwa, ku ne masu fatawa. Ayar Suratut Tauba ta ambaci 'yanta wuyaye da waɗanda bashi ya danne a cikin kashi takwas, kuma ina roƙon ku zauna da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa tun 2003, ku bayyana mana a fili inda wanda aka kulle saboda bashi ko diyya ko tara yake shiga, da inda ba ya shiga sai dai a yi masa da sadaka, domin mu masu fitarwa mu san yadda za mu yi.

Yaron nan bai dawo shagona ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na bi shi har ƙauyensu na durƙusa gaban mahaifiyarsa da kawunsa na nemi gafara, na ba shi albashin watannin da ya yi a ciki da ɗan abin da zai ja jari, ko da yake na san kwanakin ba sa sayuwa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Da na tashi tafiya ya raka ni bakin mota, ya ciro wata 'yar takarda da ta sha ninki daga aljihunsa, an rubuta sunaye uku da ajami. Ya ce mutanen ɗakinsu ne, ranar da zai fito suka ce idan ya samu wani babba ya ambace su, shi kuwa bai san wani babba ba sai ni. Ɗaya daga cikinsu ya fito bayan wata biyar da muka sa lauya, an tarar ma an daɗe da ba da shawarar a sake shi, takardar ce ba ta isa kotu ba. Na biyu an yi masa shari'a an same shi da laifi, yanzu ya san abin da yake ƙirgawa. Na ukun har yau muna neman fayil ɗinsa, kuma shekararsa ta huɗu ke nan a ciki.

Duk masallacin da ya fara kafa irin wannan kwamiti, ina roƙon a sanar a bayan sallar Juma'a, zan zo da abin da Allah ya hore mini, zan kuma zo da sunan mutum na ukun nan. Idan na yi kuskure a wata aya ko hadisi da na ambata, ku gyara mini, ku ne malamai. Allah ya ƙara muku lafiya da ikhlasi, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗalibinku,
wani ɗan kasuwa daga cikin birnin Kano.